Kek ɗin Sarauniya a tsibirin Wight

Jirgin ƙasa ya ɗauko ni daga tashar Waterloo a Landan ya sauke ni a Southampton, daga nan na hau jirgin ruwa, tafiyar kamar awa ɗaya, muka sauka a East Cowes, a tsibirin Wight. Gidan Osborne na nufa, wurin hutun Sarauniya Victoria, inda ta rasu a 1901. Sunanta ne kek ɗin da mutanen Ingila ke ci da shayin la'asar ya ci.

Wanda aka kawo mini a wani shagon shayi kusa da bakin ruwa ba shi da wani ado: faifai biyu, jam ɗin rasberi a tsakani, an barbaɗa sukari a kai. Na danna da yatsa, ya lotsa ya dawo kamar soso. Wasu na ƙara kirim, amma a ganina yana danne ɗanɗanon botar.

Sirrin yana kan sikeli, in ji matar da ke gasawa. Za a auna ƙwai huɗu da ɓawonsu, sai a auna bota, sukari da fulawa, kowanne daidai nauyin ƙwan, wajen giram 225. Haka awon yake tun a littafin girkin Misis Beeton na 1861, sai dai a can yanka shi ake yi tsaye-tsaye kamar yatsu. Hodar tashi kuwa, wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya ƙirƙiro ta a 1843, ita ta sa kek mai bota da yawa ke tashi ba wahala. Ƙaramin cokali biyu ya isa.

A buga bota da sukari har su yi fari, sannan ƙwai ɗaya bayan ɗaya. In ƙwan daga firji ya fito, ƙullun zai tsinke ya yi gudaji, maganinsa cokalin fulawa. Fulawar kuma a juya ta a hankali, bugu da ƙarfi na sa kek ya yi tauri. A raba a gwangwani biyu masu faɗin santimita 20, a gasa a zafin digiri 180 na ma'aunin Celsius, minti 20 zuwa 25. Wanda ya buɗe murfin obin da wuri, tsakiyar za ta rufta.

Sai ya huce sarai ake shafa jam, in ba haka ba ya narke ya tsiyaye. Na sa aka naɗe mini yanka biyu, kafin mu koma Southampton saura takarda.