Tsinkar Ceri da Hannu a Gaɓar Tafkin Mishigan

A arewa maso yammacin jihar Mishigan ta Amurka, kusa da garin Traverse City, akwai wani siririn zirin ƙasa mai suna Old Mission wanda ya kutsa cikin ruwan tafki tsawon kusan kilomita 30, kuma lambunan ceri, wani ƙaramin ɗan itace mai ƙwallo ɗaya a ciki, su ne suka rufe tuddansa dama da hagu. A nan ne wani ɗan mishan mai suna Peter Dougherty ya fara dasa itatuwan ceri a shekarar 1852, yanzu kuwa jihar ce ke samar da mafi yawan ceri mai tsami da ake nomawa a Amurka. Idan watan Yuli ya kama, manoma da dama kan kafa allo a bakin hanya suna gayyatar duk mai wucewa ya shigo ya tsinka da kansa, a auna masa, ya biya.

Na je ɗaya daga cikin waɗannan gonaki tare da iyalina, aka ba kowa bokiti, aka nuna mana layin itatuwan da suka nuna da kuma tsani mai ƙafa uku wanda ba ya karkacewa a kan gangare. Matar da ke kula da sikeli ta gargaɗe mu cewa ceri mai zaƙi da ƙaramin sandansa ake cire shi domin ya daɗe bai lalace ba, kuma kada a fizgi reshe, saboda a jikinsa tohon baɗi yake. Mai tsamin kuwa, wanda ake kira Montmorency, ja ne jawur kuma yana da laushi ƙwarai, kafin bokiti ya cika yatsun mutum sun yi danƙo da ruwansa. Shi wannan ba a cika kai shi kasuwa ɗanye ba. Na'ura ce ke kama gindin itacen ta girgiza shi, kamar yadda yara ke kaɗa magarya, 'ya'yan su zubo a kan tamfol, a zuba su cikin ruwan sanyi, a wuce da su masana'anta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda noman gaba ɗaya ya rataya a kan tafkin. Ruwa mai yawa ba ya saurin ɗumi, ba ya kuma saurin hucewa, don haka bayan hunturu iskar da ke tasowa daga yamma ta kan tafkin tana riƙe sanyi a lambunan, furanni su yi jinkirin buɗewa har lokacin daskarewar dare ya wuce. A ƙarshen shekara kuma ɗumin ruwan ne ke tare tsananin sanyi. Mutum na yin nisa da gaɓa zuwa tsakiyar jihar, wannan kariya sai ta ragu, lambunan ma su yi ƙaranci.

Sai dai tafkin ba ya cika alkawari kullum. A watan Maris na shekarar 2012 an yi wani zafi da ba a saba gani ba, itatuwa suka toho tun lokaci bai yi ba, sannan sanyi ya dawo ya ƙone tohon, aka yi asarar kusan kashi 90 cikin 100 na ceri mai tsami a jihar. Sanin wannan ya sa ban ga tsadar abin da na biya a bakin sikeli ba, duk da cewa ni na yi aikin tsinkar da hannuna. Manomin da ya buɗe ƙofarsa ga baƙi yana rage kuɗin leburori, yana kuma sayarwa ba tare da dillali ba, amma shi ke ɗaukar asarar rassan da aka karya da cerin da yara suka cinye kafin a kai ga awo. Wanda ya rasa lokacin ceri yana iya gangarawa kudu zuwa garin South Haven a watan Agusta domin tsinkar bulubari, wasu ƙananan 'ya'yan itace masu launin shuɗi, ko ya jira tuffa a watannin Satumba da Oktoba, amma gara ya buga wa gonar waya kafin ya kama hanya, domin ranar nunar amfani tana sauyawa daga shekara zuwa shekara.