Waɗanda Ba Su Zo Taron Ba

A bara na halarci taron tsofaffin ɗaliban ajinmu na sakandare, kuma duk wanda ya leƙa zauren zai ɗauka kowa a cikinmu ya samu rufin asiri, domin malamai da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa ne suka cika kujeru. Sai da aka karanto sunaye daga tsohuwar rajista muka lura cewa waɗanda rashin kuɗin makaranta ya kora, da waɗanda suka tafi cirani aka daina jin ɗuriyarsu, babu ko ɗaya da ya zo.

Wannan ita ce matsalar da ke addabar masu binciken da ke bibiyar rayuwar matasa shekara da shekaru. A Ingila, binciken Next Steps ya fara a 2004 da yara fiye da 15,000 masu shekara 13 zuwa 14, amma da aka sake nemansu suna da shekara 25, waɗanda suka amsa ba su kai 8,000 ba. Da raguwar adadi ce kawai, da abin ya zo da sauƙi. Sai dai ba kowa ne ke ɓacewa ba: a irin waɗannan bincike samari sun fi 'yan mata sulalewa, haka ma 'ya'yan talakawa da na iyalai masu yawan sauya gida, saboda haka idan aka tambayi waɗanda suka rage game da karatu ko aikin yi, sakamakon yakan fi gaskiyar lamarin kyau.

Wani lokaci giɓin tun daga ranar farko yake. Binciken Monitoring the Future, wanda Jami'ar Mishigan ta Amurka ke gudanarwa tun 1975 kan shaye-shayen matasa, a makarantu ake fara shi, don haka wanda ya bar karatu ko ya yi fashi a ranar ba a jin ta bakinsa.

Masana ƙididdiga suna rage ɓarnar ta hanyar ƙara wa amsar wanda ya tsaya nauyi, idan yanayinsa ya yi kama da na waɗanda suka fice. Dabarar tana da amfani, amma a ganina tana da iyaka, domin tana ɗaukar cewa ɗan talakan da ya ci gaba da amsawa daidai yake da ɗan talakan da ya ɓace, alhali abin da ya raba su, ko gidan yari ne ko rashin lafiya ko ƙwaya, sau da yawa shi ne ainihin abin da aka fito aunawa.