Kwana 11 ina fama da maƙoƙon kazata Wake, yau ya wayi gari fayau

Jama'a yau da sassafe na ɗauko Wake daga kwalinta na laluba ƙirjinta, babu komai. Fayau. Sai da na sake lalubawa har sau uku don ban yarda da hannuna ba, na je akurki na kamo wata na taɓa nata don in gwada, iri ɗaya. Kwana 11 ke nan rabon da maƙoƙon kazar nan ya kwana ya sauke, wallahi ihu na yi, autana ya fito da gudu yana cewa Umma lafiya, ta mutu ne?

Wake ita ce wake-waken nan tawa mai ƙwai, shekararta biyu da ɗan wani abu. Abin da na fara gani shi ne wani irin murɗa wuya da take yi, ta miƙa shi ta karkata gefe kamar mai son haɗiye abu ya ƙi wucewa, ta je wajen abinci ta tsattsaga sau biyu ta bari, sai shan ruwa kamar ba gobe. Kashinta kuma ya koma ɗan mitsitsi, kore-kore da ruwa. Na taɓa maƙoƙon da yamma na ji shi tim, to amma da yamma ai kowace kaza haka take, wannan bai gaya min komai ba. Da dare na ware ta na ɗauke abinci, da safe kafin ta sa komai a baki na duba.

Kamar balan-balan da aka ɗura wa ruwa. Na ɗan danna kaɗan sai ta yi wata gyatsa, warin da ya bugo ni kamar madarar da ta kwana uku a rana. Nan take na yanke hukunci, na ce tsamin maƙoƙo ne, yis ɗin nan Candida ne ya yi yawa. Kuma komai ya zauna daidai a kaina, domin sati biyu kafin nan na ba su antibayotik a ruwa saboda wata 'yar mura da ta zaga su, kun san shi kuma ba ya tantance ƙwayoyin cuta da masu amfani, duk yake sharewa, yis ya samu fili. Na samo nystatin, maganin kashe yis, safe da yamma, na rage mata abinci, ina ta jin kaina likita.

A nan na ɓata kwana biyar cur. Warin yana raguwa, gaskiya ne, har na fara murna, amma kullum da safe jakar maƙoƙon tana nan a cike. Na ce ko maganin ne bai isa ba, ko sai ya cika sati. Sikelin kicin ne ya fara tona min asiri: ranar farko kilo 1.9, rana ta biyar 1.65, kuma wannan ma har da nauyin ruwan da ke maƙale a wuyanta. Ƙashin ƙirjinta ya fito kamar bakin wuƙa. Kaza ce ga abinci cike a wuya amma yunwa ke cinta, tunda ba abin da ke isa ƙundu balle hanji.

Kafin wani ya ce min me ya sa ban kifa ta na matse ruwan ya fito ta baki ba, na sani, na taɓa yi. Bara na yi wa wata farar kaza haka, na juya kanta ƙasa ina matsawa, ruwa ya fito kam, ta yi wani tari sau biyu ta miƙe a hannuna, ko minti ɗaya ba a yi ba. Ƙofar numfashin kaza tana nan a gindin harshe, in kun buɗe bakin kun haska tocila za ku ga ramin yana buɗewa yana rufewa, duk ruwan da ya taso daga maƙoƙo ta gefensa zai bi, ta ja numfashi sau ɗaya a lokacin shi ke nan ya tafi huhu. Akwai masu yi su tsira, ban musa ba, ni dai na tuba. Ko magani ma yanzu ba na tsiyaya shi tsakiyar baki, sai in sa sirinji ta gefe ya wuce ramin nan, ko in ɗiga a gefen baki kaɗan kaɗan ta haɗiye da kanta. Yana cin lokaci, tana fizge-fizge, rabi a rigata, amma haka nan.

Rana ta shida ce na hana ta abinci gaba ɗaya wajen awa 18, ruwa kawai, shi ma kaɗan kaɗan don ta daina ɗurawa. Ruwan jakar ya ɗan ja baya, sai na samu damar lalubawa har ƙasa sosai, can inda take haɗuwa da hanyar da ke wucewa ciki. Sai ga shi. Wani dunƙule kamar girman ƙwai, ba tauri irin na dutse ba, in ka danna yatsa yana lotsawa ya tsaya a haka, kuma kana jin zare-zare a cikinsa. Na zauna a ƙasa riƙe da kaza ina jin haushin kaina, domin nan take na tuna: kwana biyu kafin ta fara murɗa wuyan nan aka yanke doguwar ciyawar bayan gida, ni da hannuna na kwaso na zuba musu tuli guda wai ina yi musu gata.

Kaza in tana cin ciyawa a tsaye da saiwarta, fizga take yi, guntu guntu ke shiga. In kuwa yankakkiya ce a zube babu abin da ke riƙe ta, sai ta zuƙe dogon zaren gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, su je su nannaɗe a maƙoƙo su toshe mafita. Maƙoƙo kuwa ba ya niƙa, ajiya kawai yake yi yana jiƙa abinci, niƙan na ƙundu ne. To duk abin da ya biyo baya sai ya taru a kan toshiyar ya kwana ya yi tsami a cikin ɗumin jikin da ya haura digiri 40, yis ya samu gida. Ashe tsamin da nake ta yaƙi da shi ɗa ne, uwar tana ƙasa. Kuma shi nystatin ba ya ratsa jini, sai inda ya taɓa yake aiki, yana kashe yis ɗin sama, washegari sabon abinci ya sake ruɓewa a kan dunƙulen. Ina kwashe ruwa famfo a buɗe.

Ga wani abin kunya kuma, tunda dai na fara faɗa. Kajina a kan siminti suke, kuma duk tsawon lokacin nan ɓawon kawa nake zuba musu a ɗan kwano ina ɗauka shi ne tsakuwarsu. Ba shi ba ne. Shi narkewa yake yi, don ƙwarin ɓawon ƙwai ne. Tsakuwar niƙa daban, ƙananan duwatsu masu tauri da ke zama a ƙundu, in babu su ga ciyawa mai zare ta shigo, ƙundun ma aiki yake a hankali komai ya tsaya a layi.

Na koma mai da tausa. Man kwakwa na sa a firji ya daskare na yayyanka shi ƙanana, wannan dabarar ta yi min daɗi don da kanta take tsincewa, babu fargabar shaƙewa kamar in mai ruwa ne a sirinji. Kamar rabin ƙaramin cokali, in jira minti goma, in zaunar da ita a cinyata kanta a sama, in riƙa murza dunƙulen a hankali da yatsu uku ina ƙoƙarin warware shi, ba turawa sama ba. Sau huɗu a rana. Na so in yi kwana uku a haka kafin in sake shawara, amma lissafin ya rikice min, don daren farko na ga 'yan guntayen ciyawa a kashinta na ce alhamdulillahi ya fara tafiya, na ba ta dafaffen ƙwai da abincinsu da na jiƙa ya yi ruwa-ruwa, washegari jakar ta dawo tim har da warin. Na sake hana abinci. Na sake tausa. Dunƙulen ya yi laushi a gefe-gefe amma tsakiyarsa ko gezau. Sikeli ya ce 1.5, ta fara tsayawa ido a rufe, fuka-fukai a sake, tukunta ya koɗe.

Rana ta takwas na ɗauke ta sai wajen likitan dabbobi. Maigida yana ta dariya wai kaza ce za a kai asibiti, da wuƙa aka sa mata tun tana da nama. Ban kula shi ba, amma da aka faɗi kuɗin sai da na tuna maganarsa, don abin da na biya zai sayi irin Wake uku har da canji. Ya yi min ciwo ba kaɗan ba, har yanzu in na tuna sai na ja tsaki.

Amma na ga aiki. Likitan bai ma fara da maƙoƙon ba. Ya buɗe baki ya duba ko akwai fari-fari ko rawaya-rawayan nan da ke manne a maƙogwaro, ya latsa cikinta ta ƙasa ko akwai ruwa ko ƙwai da ya fashe a ciki, ya duba idanu da yadda take taka ƙafa saboda cutar Marek, wadda ke taɓa jijiyoyi har maƙoƙo ya daina motsi, ya kuma ɗebi kashinta ya duba a madubin likita ko akwai ƙwan tsutsar nan siririya kamar gashi, Capillaria, da ke zama a bangon maƙoƙo. Ya ce min, Hajiya, sau da yawa maƙoƙon da ya tsaya ba shi ne mai laifin ba, wani abu ne can ciki ya tsayar da shi, in haka ne ko na buɗe na kwashe zai sake cika. Na yi shiru ina addu'a. Duk bai samu komai ba.

Ya fara gwada zura siririyar roba ta baki, ya zuƙe ruwan, ya ɗura mai ɗumi ya sake zuƙewa. Ruwa ya fito, baƙi-baƙi mai wari, dunƙulen yana nan. Sai ya ce sai dai a buɗe. Ya fige gashin wurin, ya yi allurar kashe zafi, ya tsaga fata sannan ya tsaga jakar ta sama, tsagar ba ta fi tsawon gaɓar yatsa ba, ya dinga jawowa da ɗan hantsaki. Jama'a abin da ya fito ya cika tafin hannuna, ciyawa ce a murɗe kamar igiya, kuma a tsakiyarta ga farin zaren nan na ɗinkin bakin buhun abinci, ya kai kamu ɗaya. Shi ne ya ɗaure komai. Da na shekara ina tausa da man kwakwa wannan zaren ba zai narke ba. Ya wanke ciki, ya ɗinke jakar daban, fatar daban. Na san akwai masu yin wannan a gida da reza, na ga ana nunawa, ni bayan na ga yadda bangon jakar yake siriri da yadda ɗinki biyun nan yake, ba zan gwada ba. In ya yi yoyo a ƙarƙashin fata ruɓewa zai yi.

Ya ce kar ta ci komai sai washegari, daga nan abinci mai ruwa-ruwa cokali ɗaya ɗaya sau da yawa a rana, ba hatsi, ba ganye, a ci gaba da nystatin ɗin tare da maganin da ya ƙara, kuma in ta dawo yin ƙwai kar a ci sai kwanakin da ya rubuta sun wuce. Shimfiɗar kwalin ma na cire dusar katako na sa tsohon tawul, don kaza mai yunwa har shimfiɗarta take ci.

Safiya biyun farko hankalina bai kwanta ba. Jakar ba ta cika kamar da ba amma akwai ɗan saura a ciki, kuma tana ɗan reto in tana tafiya. Tsorona kar ya zama naman wurin ya saki saboda daɗewar da ya yi a miƙe, irin maƙoƙon nan da ke zazzagowa ya rataya har abada, abinci ya riƙa kwanciya ƙasa da mafita. Har na yanka tsohuwar safa zan yi mata ɗan ɗaurin ƙirji da zai tallafe shi, na kira likita ya ce in dakata tukuna kar ya goge ɗinkin. Ga safar nan a ajiye.

Sai yau. Fayau, kuma ga kashi babba mai farin kai a kan tawul, ban taɓa zaton zan yi murna da kashin kaza haka ba har na ɗauke shi hoto. Nauyi 1.48, ya ƙara sauka kaɗan amma yanzu nauyinta ne na gaskiya, ba ruwa da ciyawa. Ta cinye abincin safe tana neman ƙari har da tsattsagar yatsana.

Sauran kajin jiya da safe na bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in zuba abinci, guda 9, duk lafiya, duk da ciyawa ɗaya suka ci. Na kwashe tulin, na zuba musu tsakuwa a kwano daban, zaren buhu kuma yanzu ina farkewa yake shiga aljihuna. Abin da ya rage min shi ne mayar da ita cikinsu, don kusan sati biyu ba ta nan kuma ga wurin ɗinki babu gashi, na san ja ɗin nan mai faɗa can za ta fara kai baki. Ina tunanin in sa ta a keji a cikin akurkin su riƙa ganin juna na kwana uku ko huɗu tukuna. Wanda ya taɓa mayar da kaza mai ɗinki a ƙirji don Allah ya gaya min kwana nawa ya jira, kuma ya shafa wani abu a wurin ko haka ya bar shi.