Abin da Kalmar "Quite" Ta Jawo Mini a Teburin Fassara

A ƙarshen wannan wata zan bar sashen fassara bayan shekara 6, kuma cikin duk abin da ya wuce ta hannuna, kalmar Turanci guda ɗaya ce ta fi tsaya mini a rai, wato "quite".

A shekarata ta biyu, masu ba da tallafi suka turo wata Baturiyar Ingila ta duba shirinmu na rediyo, ta rubuta cewa aikin "quite good" ne. Ni kuwa, da yake a bakin Amurkawa na fi jin Turanci, sai na fassara wa kwamitin gudanarwa cewa aikin ya yi kyau ƙwarai da gaske. Aka yi ta barka da arziki, har aka jingine gyare-gyaren da aka yi niyyar yi. Sai da aka zaftare tallafin bayan wata uku na gane cewa a bakin mutumin Ingila, idan kalmar ta zo kafin sifar da ke da hawa-hawa, irin su kyau ko daɗi, sau da yawa ba ta wuce "ba laifi" ba, alhali Ba'amurke "sosai" yake nufi da ita. Abin da ke ƙara rikita mai fassara shi ne, Baturen nan dai idan ya ce "quite right" ko "quite impossible", to gaba ɗaya yake nufi, domin abin da ba zai yiwu ba ba shi da rabi, kuma wannan ce tsohuwar ma'anar kalmar.

Shugaban sashenmu ya miƙe a gaban taro ya ce, "Malam, ai mu mun ɗauka kai masani ne." Na yi shiru, duk da cewa ya riga ni karanta takardar ta asali, shi ya sa hannu a fassarar, kuma a Ingila ya yi digirinsa na biyu.

Tun daga ranar ba na fassara kalmar auna daraja irin "quite" sai na san ƙasar marubucin, kuma ina adana kwafin duk takardar da wani ya sa wa hannu. Jerin da na haɗa na 'yan uwanta, su "fairly" da "rather" da "pretty", yana cikin durowar sama. Da shi shugaban yake horar da sababbin ma'aikata yanzu, ko da yake ban taɓa jin ya ambaci wanda ya haɗa shi ba.