Ranar da Baba ya ɓace mini a Shafa

Jiya na miƙa katin aiki, bayan shekara huɗu ina kai masu Umra ziyarar Ɗa'ifa. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san yadda yake: a bar Makka bayan asuba, a hau hanyar Hada mai kwane-kwane, birai na bakin titi suna jiran a jefa musu abinci, da yamma a tsaya miƙatin Wadi Muhrim mai son ɗaura harami ya ɗaura. Wannan ko ido rufe nakan yi shi.

A shekarata ta biyu mudir, wato manajanmu, ya ƙirƙiro tafiyar ƙafa a Shafa, yankin duwatsu kusa da Ɗa'ifa, wai alhazai sun gaji da kallon dutse ta tagar mota. Na ce masa tafiya irin wannan mutum biyu take so, ɗaya gaba ɗaya baya. Ya ce kuɗin mutum na biyun a aljihuna zai fito? Na yi shiru, kuma shirun nan shi ne kuskurena na farko.

Watan Maris ne, lokacin tsinkar furen wardi, iska sai ƙamshi. Mutum goma sha huɗu na ɗauko, yawancinsu Katsinawa. Muka bi hanyar makiyaya tsakanin itatuwan ar'ar da gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin dutse, tumaki na kiwo a gefe. Wurin ya haura mita 2,000, numfashi yakan yi wa baƙo nauyi, ni kuwa na saba. Doki nake yi in kai su bakin gaɓar da ake hango Tihama, filin da ya nufi bakin teku, shimfiɗe can ƙasa, duwatsu bayan duwatsu har ido ya gaji. Gaskiya so nake a ce kai, yaron nan ya san gari. Sai na shige gaba da matasa.

Wani dattijo ya zauna gindin itace yana haki. Na ce, "Baba, in jira ku?" Ya ce, "Je ka abinka, ɗana, yanzu zan biyo sawu." Na yarda. Dattijon Bahaushe ba zai taɓa ce maka ya kasa ba, na san haka tun ina yaro, amma ranar na manta don mantuwar ta yi mini daɗi.

Bayan la'asar hazo ya taso daga ɓangaren Tihama, kamar yadda yakan yi, cikin ɗan lokaci ba ka ganin wanda ke gabanka. Na ƙirga mutane, sha uku. Waya ba sabis. 'Yar dattijon ta ce yana da ciwon suga kuma tun safe bai ci komai ba. Na koma ina kwaɗa kira, ƙafata na rawa, ina ta tunanin bakin gaɓar nan. Ana dab da magariba na same shi a bukkar wani makiyayi ɗan Sudan, an lulluɓa masa bargo, yana kurɓar shayi da dabino. Ya dube ni ya ce, "Ka sha wuya, ɗana."

Mudir ya yanke mini rabin albashi, ya kuma gaya wa wakilin alhazan wai ni na kawo shawarar tafiyar. Rabin albashin na yarda, laifina ne. Ƙaryar ce har yau take tsaye mini a wuya.

Tun daga nan a baya nake tafiya, tare da mafi rauni. Nakan tambayi masu suga da hawan jini tun a mota, in cusa dabino a aljihu, a sauko kafin la'asar ko wa zai yi fushi. Shawara kuwa a rubuce nake tura wa mudir ta WhatsApp. Ban sake rasa kowa ba.

Yaron da zai gaje ni ya tambaye ni ko su biyu za a riƙa turawa. Na ce ya tambayi mudir, amma a rubuce.