Satifiket ɗin tsaron tauraron ɗan'adam daga Sakkwato: sharuɗɗan da na ci karo da su

Aikina kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta ne a nan Sakkwato, kuma daga nan na yi kwas kan tsaron tauraron ɗan'adam ta intanet, a sashen horar da ma'aikata na wata jami'a a Amurka. Tun da na karɓi satifiket ɗin ake ta tambayata ko karatun na da wuya. Yana da wuya daidai gwargwado. Abin da ya fi ba ni aiki shi ne sharuɗɗan kwas ɗin, domin waɗanda suka rubuta su ba su kawo ɗalibin da ke zaune Mabera ko Runjin Sambo a ransu ba.

Sharaɗin shiga ya zo mini da sauƙi. Ba su nemi digiri a injiniyan sararin samaniya ba. Sun nemi mutum ya san yadda kwamfutoci ke magana da juna, ya iya aiki da Linux (wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta), ya kuma san tushen tsaron intanet. Dalilin haka ya fito fili a darasin farko, da aka baje mana harin da aka kai wa KA-SAT, tsarin samar da intanet ta tauraro na kamfanin Viasat, ranar 24 ga Fabrairun 2022, ranar da Rasha ta afka wa Yukren. Masu kutsen ba su taɓa tauraron da ke sama ba ko kaɗan. Ta wata na'urar VPN (ƙofar da ma'aikata ke bi su shiga sadarwar kamfani daga nesa) da ba a saita daidai ba suka shiga sashen gudanarwa a ƙasa, suka aika wa dubban modem, wato na'urorin da ke haɗa masu amfani da tauraron, umarnin da ya goge ƙwaƙwalwarsu. Har a Jamus sai da aka rasa ikon kula da injinan samar da lantarki daga iska kusan 5,800 daga nesa. Duk wanda ya taɓa saita VPN a ofis ya san irin wannan sakacin. Shi ya sa nake gaya wa 'yan'uwana masu wannan sana'a kada kalmar "sararin samaniya" ta firgita su, galibin aikin a ƙasa yake.

Inda aka fara tankaɗe mu shi ne batun ɗan wace ƙasa ne kai. Amurka na da dokoki biyu kan fitar da fasaha waje, ITAR a hannun ma'aikatar harkokin waje, EAR kuma a hannun ma'aikatar kasuwanci, kuma fasahar tauraron ɗan'adam na cikin abubuwan da suka shafa. A wajen waɗannan dokokin, koya wa baƙo wani ilimin ma fitar da shi waje ne, ko da ta allon kwamfuta ne. Saboda haka sai da na tura hoton fasfo, na bayyana wurin aikina, na jira a tantance ni. Daga cikin darussan zaɓi akwai wanda aka rufe wa duk wanda ba Ba'amurke ba. Ban ga laifinsu ba, dokar ƙasarsu ce. Amma kafin ka biya ko kwabo, ka rubuta musu ka tambaya ko darussan da aka yarje wa ɗan Najeriya sun isa cika satifiket ɗin, kuma ka ajiye amsar a rubuce.

Sai alƙawarin da muka sa wa hannu: duk abin da aka koya mana, a ɗakin gwajin kwamfuta na makarantar kaɗai za mu gwada shi. A can aka kwaikwayi tashar ƙasa da tauraro, muna aika umarni bisa CCSDS, wato ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na sadarwa tsakanin tashar ƙasa da tauraro, muna ganin abin da ke faruwa idan tauraro na karɓar umarni ba tare da tantance mai aikowa ba. Muna kuma bin jadawalin SPARTA da Aerospace Corporation ta fitar a 2022, wanda ya jera dabarun maharan da maganin kowace. Wannan alƙawarin ba na jeka-na-yi-ka ba ne. A 2020 James Pavur, ɗalibi a Oxford, ya nuna cewa da kayan kallon talabijin na kusan dala 300 ana iya saurarar bayanan intanet da wasu taurari ke saukowa da su ba a rufe ba. Irin farantin da ke kan rufin kowane gidan kallon ƙwallo a garin nan ke nan. Ƙanena da ya ji haka cewa ya yi, "Yaya, to mu gwada da namu mana." Na ce masa dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta saurarar bayanan mutane ba izini, kuma alƙali ba zai tambaye mu ko don karatu muka yi ba.

Halartar aji dole ce, kyamara a kunne, kuma an hana naɗar darasi. Ajin ƙarfe shida na yamma a gabashin Amurka ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne a Sakkwato. Da suka mayar da agogonsu baya a watan Nuwamba, sai ya koma sha biyu, ga sallar Asuba na jira, ga ofis da safe. Dokarsu ba ta san an ɗauke wuta ba: intanet ɗinka ya yanke ya daɗe, an rubuta ba ka zo ba. Na tanadi batir da layukan waya na kamfanoni daban-daban. A watannin zafi, lokacin da garin nan ke wuce digiri 40, har kwamfutar sai na ɗora ta kan wani abu iska na shiga ta ƙasa, don injinan gwajin na gasa ta.

Jarrabawa kuwa da mai sa ido ta kyamara ake yin ta. Za ka zagaya masa ɗakin, kuma ba a yarda kowa ya shigo ko a ji murya ba. A gidan Bahaushe wannan babban sharaɗi ne. Uwargida ce ta tsare ƙofa, ta kwashe yara zuwa maƙwabta, ta kuma amsa sallamar baƙi a madadina.

Game da darajar takardar, a fahimce ta yadda take. Ba digiri ba ce, kuma makin da ke cikinta na ci gaban ma'aikaci ne, wanda ake lissafa guda ɗaya da awa goma na zama a aji. Ba a ɗaukar sa a kai shi digiri na biyu. A ganina duk da haka ta ci kuɗinta, don fagen na buɗewa a gida. Hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, tun 1999 take, an harba tauraron NigeriaSat-1 a 2003, NigComSat-1R a 2011, Starlink mai samar da intanet ta tauraro kuma ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Kowace na'urar da aka kafa a asibiti ko ofishin ƙungiyar agaji a ƙauyukanmu tana buƙatar wanda ya san ta inda ake shigar ta.

Kuɗin da dala ake biya, darasi bayan darasi, kuma akwai wa'adin da dole a kammala duka a cikinsa, in ya wuce darussan farko sun zube. Tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023, abin da ka lissafa a darasin farko ba lallai ya kai ka na ƙarshe ba. Ni a asusun dala na riƙa tara kuɗin darasi na gaba tun ina tsakiyar wanda nake yi, kuma na duba ranar ƙarshe ta janyewa kafin kowace rajista, domin bayan ta ba a mayar da kuɗi.