Godiya ga duk wanda ya ɗora tukunya saboda mu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Jiya Lahadi aka yi addu'ar arba'in ta mahaifiyarmu, Mma, a gidanmu na unguwar Nima, a Accra. Sai yau, bayan an naɗe tabarmi an mayar da kujerun haya, na samu zama in rubuta wannan a madadina da ƙannena huɗu. Ba zan kama sunan kowa ba. Na san halin mutanenmu, wanda ya yi don Allah ba ya son a yi shelarsa, kuma in na fara jero sunaye ina tsoron in tsallake wanda ya fi kowa shan wahala. Kowa zai gane kansa a ciki.

Duk wanda ya san Mma da tukunya ya san ta. Sama da shekara 30 tana sayar da wake da shinkafa, wanda duk Gana ke kira waakye, a ƙofar gidan nan. Ƙarfe uku na dare take hura wuta. Kafin kiran assalatu wake ya yi laushi da ɗan kanwa, karan dafi ya rina ruwan ya yi jawur, ta tsame karan ta zuba shinkafa. Tun tasowata ban taɓa farkawa a gidan nan ban ji hayaƙin itace da ƙarar murfin tukunya ba. Washegarin jana'iza na farka na ji shiru. Na fita tsakar gida na tarar da murhu uku a sanyaye, toka ko ɗumi babu. A nan ne na yarda Mma ta tafi, ba a maƙabarta ba.

Ina tsaye a wurin aka yi sallama. Hajiyar da ke gidan bayanmu ce, da bokitin koko mai zafi, citta da kanumfari da barkono sun ji, jikarta na biye da ita da tiren ƙosai. Ba ta yi mini dogon wa'azi ba. Ta ce, "Ƴata, ɗauko kofi, ki fara sha kafin baƙi su cika gida." Ta tsaya a kaina sai da na shanye. Hajiya, kwana bakwai kina kawo kokon nan ba fashi, alhali kema da shi kike ciyar da gidanki. Allah ya saka miki da Aljanna, ya raya miki zuri'a.

Daga ranar har aka yi addu'ar bakwai ba mu kunna ko ashana ba. Malamin unguwarmu ya tunatar a wurin zaman makoki cewa lokacin da labarin shahadar Ja'afar ya iso Madina, Annabi (SAW) ya umarci a yi wa iyalansa abinci, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Na sha jin wannan a makarantar allo da islamiyya, amma ban san nauyinsa ba sai da na zama ni ce ake kawo wa. Tuwon zafi da miyar ayoyo daga Mamobi. Tuwon shinkafa da miyar gyaɗa daga gidan surukaina a unguwar Madina ta nan Accra. Wata rana miyar kuka da daddawa ta ji, wata rana busasshiyar kuɓewa. Masa da finkaso da yamma, burkina mai sanyi, wato haɗin gero da nono, ga yara, lamurje da sobolo a manyan jarkoki ga masu zuwa gaisuwa. Ƴan'uwan Mma da suka taso daga Kumasi, na Aboabo da na Asawase, sun iso da fura da wagashi a cikin kula, bayan sun kwana a mota. Babu baƙon da ya zo mana ta'aziyya ya koma da yunwa, kuma ko ƙwayar shinkafa ba daga ɗakinmu ta fito ba.

Akwai maƙwabciyarmu ƴar ƙabilar Ga, Kirista, wadda suka yi zaman shekara da shekaru da Mma ba a taɓa jin kansu ba. Ranar uku ta aiko da dokunu, wato tuwon ƙullun masara mai tsami, da soyayyen kifi. Ranar bakwai kuwa da ta so yin miyar nama, da ƙafarta ta je kasuwar Nima wurin mahaucinmu ta sayi naman, ta ari tukunyar gidanmu ta dafa a ciki, don kada zuciyar kowa ta yi ɗar. Ba wanda ya ce ta yi haka. Anti, mun gani, kuma ba za mu manta ba.

Ga iyayenmu ƴan albasa: tun da aka tashi kasuwarku daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021 Mma take ƙorafin nisa, amma ba ta sauya wurin saye ba, ta ce albasar Nijar a hannunku ta saba karɓa. Buhun da kuka aiko, har da kuɗin mota kun biya, shi aka yi girkin jiya da shi. Mahautan unguwa da suka haɗa nama da ganda, masu itacen da suka sauke kaya suka ƙi faɗin kuɗi, samarin da suka kafa rumfa suka tare hanya, ma'aikatan jinyar da suka riƙe Mma kamar uwarsu a kwanakinta na ƙarshe, duk mun gode.

Zan ɗan daɗe a kan girkin jiya, domin shi ne abin da ya fi taɓa ni. Mun yi niyyar yin abin da ƙarfinmu zai iya kawai. Sai matan ƙungiyar adashin Mma suka ce a'a, wadda ta ciyar da unguwa da wake, da wake za a yi mata sadaka, kuma irin nata. Tun daren Asabar suka zo da wuƙaƙensu da muciyoyinsu, suka kwana tsintar wake. Goggo, wadda ta fi shekara 20 tana taya Mma a bakin murhu, ita ta karɓi shito ta hana kowa taɓawa. Wanda bai sani ba yana ɗauka shito barkono ne da mai. Ba haka ba ne. Sai albasa ta soyu ta narke, a zuba citta da tafarnuwa, a kawo garin busasshen kifi da na jatan lande da barkono, a rage wuta a yi ta juyawa har ya yi duhu, ruwan cikinsa ya ƙone ƙaf, mai ya taso sama. Ka ɗauke ido kaɗan ya kama, ya yi ɗaci, aikin dare ya tashi a banza. Goggo ta zauna a kan kujera ƴar tsugunne, da ciwon gwiwarta, tana juyawa har aka kira sallah. Da ta ɗebo a bakin cokali ta ce, "Ɗanɗana ki gaya mini gaskiya," na ɗanɗana na kasa magana. Hannun Mma ne sak. Muka rungume juna muna kuka, tukunya na tafasa a gefe.

An raba a ganye, kamar yadda Mma take so, don ta ce roba tana kashe ƙamshi: wake, taliya, gari, ƙwai, ganda, shito a kai. An kai masallatai, an kai wa almajirai da direbobin turoturo, motocin haya na tasha, an miƙa wa duk mai wucewa.

Ƴan matan kayayo, waɗanda ke dakon kaya a kasuwa, ban san ko wannan saƙon zai kai gare ku ba, don haka wanda ya karanta ya isar musu. Kullum in Mma ta tashi kasuwa ku take ajiye wa ƙanzo, ta yaryaɗa masa miya. Jiya ku bakwai kuka bar aikinku na yini, kuka ɗebo ruwa, kuka wanke manyan tukwane har dare. Na miƙa muku kuɗi babbarku ta mayar mini da hannu ta ce, "Mma ce." Allah ya yaye muku wahala, ya mayar da ku gida lafiya da abin hannunku.

Sai wani bawan Allah da ya zo da buhun shinkafa, ba wanda ya gane shi. Ya ce yana ɗan makaranta ya yi wata guda yana cin wake na sidi dubu biyar kullum, tsohon kuɗi, kafin canjin 2007, Mma ba ta taɓa tambayarsa ba har ya bar unguwar. Yaya, Mma kanta har ta rasu da tsohon kuɗi take lissafi, sidi ɗaya ta ce dubu goma, amma ba ta taɓa lissafa naka ba. Mun zauna mu biyar mun yanke shawara: duk wanda ya san akwai kuɗin wake a kansa, mun yafe duniya da lahira. Wanda kuma yake bin Mma, don Allah ya zo ya faɗa mana mu sauke mata.

Ƙawayena uku da kuka lura na rame, kuka fitar da ni da daddare ranar Alhamis, muka zauna a benci wurin mai tsire a bakin titi kuna ta ba ni labarin ƙuruciyarmu har na cinye rabona ban sani ba, ranar na fara barci mai nauyi. Na gode, ƴan'uwana.

Allah ya jiƙan Mma, ya haskaka kabarinta, ya sa abin da ta ciyar ya zame mata inuwa. Ku kuma Allah ya sa kada murhunku ya mutu, ya jiƙan naku magabatan.

In Allah ya yarda ranar Litinin mai zuwa ƙanwata da Goggo za su sake hura wuta a ƙofar gida, a lokacin da aka saba. Sannan kwanukanku suna nan a wanke, kuloli da langa da tire sun cika ɗakin Mma. Mun mayar da waɗanda muka gane. Akwai wata langa shuɗiya mai murfi da ta zo da tuwo ranar uku, yaron da ya kawo ya ajiye ya juya kafin mu tambaye shi daga wane gida. Mai ita ta taimaka ta zo da kanta, ina so in ga fuskarta.